Ku Yi Kamar Ba Na Nan

Yayana mai hoto ne, ni kuma tela. Shekara talatin da huɗu bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa, bangon ma na katako, in ya yi atishawa sai na ce masa sannu. Don haka in na ba da labarinsa, ba a bakin wani na ji ba. Na san lokacin da yake buɗe ƙofa, na san tarinsa, na san irin shirun da yake yi in aiki ya yi kyau da irin wanda yake yi in ya ɓata takarda.

A unguwarmu ba mai kiran sunansa na gaskiya. Ba-Na-Nan ake ce masa, yara da manya. Sunan ya fito ne daga maganar da yake yi duk gidan da ya shiga aiki: "Ku ci gaba da harkokinku, ku yi kamar ba na nan." Mutum dogo, ga faɗin kafaɗa, ga ƙafa sai an je kasuwa uku kafin a samo masa takalmi, amma wai a yi kamar ba ya nan. Abin haushin kuma, ana yi.

Da hoton fasfo ya fara, a shagon wani tsoho da ke kusa da tasha. Daga safe zuwa yamma magana ɗaya ce: ɗaga haɓa, gyara wuya, kar ka ƙifta. Ya yi shekara biyar a haka, har ya ce ya gaji da sandarar da mutane masu rai. Wata rana ya zo gida da kyamarar maigidan nasa, ya tarar da mahaifiyarmu tana yanke wa mahaifinmu farce a tsakar gida. Tana yanka tana masa faɗa kan ya bar su sun yi zaƙo-zaƙo, shi kuma tsohon ya kau da kai yana murmushi. Yaya ya ɗauke su ba su sani ba. Da ya kawo hoton, mahaifiyarmu ta ce ya ci mata mutunci, ɗankwali a karkace, zani na aiki, baki a buɗe. Ta fizge ta ce yaga shi za ta yi. Bayan rasuwarta muka same shi a ƙasan akwatinta, a naɗe cikin leda biyu.

Tun daga hoton nan ya san abin da zai yi da rayuwarsa. Da ya buɗe nasa shagon bai sa labule mai zanen furanni ba, bai sayi kujerar zaman hoto ba. Shi yake bin mutane gidajensu.

Kwana uku yake yi wa kowane iyali. Ranar farko zai tarar kowa ya ci ado, an share gida har bayan ƙofa, an ɓoye tsohuwar kujera, an shafe yara da mai suna ƙyalli, maigida ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa ya ɗaure fuska. Sai Yaya ya yi ta ɗauka, ƙyas, ƙyas, daga wannan kusurwa zuwa waccan, alhali babu fim a cikin kyamarar. Ko ɗaya. Rana ta biyu ma haka. Kafin ta uku murmushin dole ya ƙare, kumatu sun gaji, matar gida ta koma zanin aikinta, yara sun koma kokawarsu, maigida ya cire hula yana sosa sanƙo. To a ranar ne yake neman izinin shiga banɗaki, ya sa fim. Ya yi shekaru yana wannan dabara ba wanda ya gano shi sai ni, don ni ce nake ganin bai taɓa dawowa da abin wankewa a ranar farko ba.

Kuma baƙi da fari kawai yake yi. Da hoto mai kala ya cika gari, abokan sana'arsa duk suka koma can, shi ya kafe. Da waya mai kyamara ta zo kowa ya zama mai hoto, ya ƙara kafewa. Cewa yake in da kala, riga ake kallo, in babu, sai ido ya rasa wurin zuwa ya dawo kan fuska. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Ni in yi kwana huɗu ina haɗa shuɗi da ruwan goro, ina zaɓar zare, shi ya zo da ƙyas ɗaya ya mayar da aikina toka. Na gaya masa ya fi sau ɗari, amsarsa ɗaya ce: "Ɗinkinki ya yi kyau, amma ba shi aka haifa ba."

Sai dai in za a faɗi gaskiya, ya iya. Akwai hoton wani bakanike da ke rataye a shagonsa har yau. Barci ya kwashe mutumin a kan tabarma, jaririyarsa a kan ƙirjinsa, amma ko cikin barcin ya ware hannuwansa gefe don kar baƙin mai ya taɓa mata riga. Akwai na wata uwa a bakin ƙofa tana kallon ɗanta zai tafi makaranta mai nisa, ta manta ludayi na hannunta. Na sha ganin ƙatti sun shigo karɓar hotuna suna wasa da dariya, su buɗe ambulan, su yi tsit, su fita ba sallama. Bai tara abin duniya ba, amma babu layin da za ka bi a unguwarmu ba ka ga aikinsa a bangon wani ba.

Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata. Gajera ce, mai kaifin baki, ita kaɗai ce a duniya take ce masa, "Ajiye wannan abar ka ci abinci," ya ajiye. Allah ya ba su 'ya ɗaya. Tun tana rarrafe ba ta yarda da kowa sai ubanta, in ya fita kuka, in ya dawo tana maƙale da ƙafar wandonsa, har sunan 'Yar Baba ya bi ta. A kan kafaɗarsa ta girma. In ta yi laifi Malama ta ɗauko tsintsiya, bayansa take gudu, shi kuma ya tsaya ƙiƙam ya ce bai ga kowa ba.

'Yar Baba tana da shekara goma sha bakwai Malama ta kwanta ciwo, irin ciwon da ake zuwa asibiti a dawo, a koma a dawo. Yaya ya rataye kyamara ya daina taɓa ta a gida. Malama ce da kanta ta hana shi. A gabana ta ce, "Ka shiga gidajen mutane ka ɗauki daɗinsu da wuyarsu, nawa ne za ka tsallake? Ka ɗauka. Har ƙarshe." Ya kuwa ɗauka. Ya ɗauke ta tana shan magani tana yamutsa fuska, ya ɗauke ta 'Yar Baba tana taje mata ɗan gashin da ya rage. Ita ta ce ya yi, wannan gaskiya ne. Amma ni da na san shi tun muna yara, na ga wani abu daban. Wurin ɓuya ya samu. In abu ya fi ƙarfinsa sai ya ɗaga kyamara ya rufe fuska da ita.

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe goma ne na safe. Muna zaune mu uku a kan benci a barandar asibiti, wata mai shara tana goge ƙasa tana cewa mu ɗaga ƙafa. Likita ya fito, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, tun kafin ya buɗe baki muka gane Malama ta rasu. 'Yar Baba ta miƙe. Shekararta goma sha tara a lokacin. Ba ta yi ihu ba, juyawa ta yi wajen ubanta, ta fara ɗaga hannuwa, yadda take yi tun tana ƙarama in tana so ya ɗauke ta. Taku biyu ne tsakaninsu.

Sai na ji ƙyas.

Ban taɓa jin ƙara mai muni irin wannan ba. Mai sharar ma ta tsaya da gugarta. Yarinyar ta dubi kyamarar da ke rufe da fuskar ubanta, ta sauke hannuwanta a hankali, ta juyo ta faɗo jikina. Ni na riƙe ta. Ta saman kanta na dubi Yaya, ya sauke kyamarar yana kallonta kamar wani ne ya danƙa masa ita.

Bayan mako biyu ta kwaso kayanta ta dawo gidana. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ɗaga masa murya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Gaisuwa ba ta taɓa fasawa ba. "Ina kwana, Baba. An tashi lafiya? To, sai an jima." Shi ke nan, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Duk hoton da ya taɓa ɗauka ta bar shi a gidansa, har na uwarta. Shagonsa kuwa ko inuwar ƙofar ba ta takawa.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa, amma irin gyaran masu taurin kai. Ya zo gidana ya zauna a bakin kujera yana juya hula a hannu, ya ce mata, "Uwarki ce ta ce in ɗauka har ƙarshe."

Ta ce, "Mama ta ce ka ɗauke ta. Ni na ce ka ɗauke ni?"

"Hannuna ne ya riga ni. Shekara da shekaru ana aiki…"

"Kullum cewa kake a yi kamar ba ka nan, Baba. To na yi."

Ta tashi ta shige ɗaki. Sau huɗu yana zuwa, sau huɗu da maganar uwarki ce ta ce, har ta daina fitowa in ta ji muryarsa.

Ni ma na kawo tawa gudummawar, Allah ya yafe mini. Na same shi a shago na ce, "Yaya, ka ce mata babu fim a ciki. Kai da ka saba ɗaukar iska kwana biyu a gidajen mutane, wa zai ƙaryata ka?"

Ya ce, "Akwai fim."

"Na sani! Cewa na yi ka ce babu."

"Akwai," in ji shi, ya ci gaba da goge gilashin kyamararsa. Na fita na buga masa ƙofa har hoton bakaniken ya karkace.

Haka aka yi shekara goma sha ɗaya. 'Yar Baba ta gama karatu, ta kama aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti, ta samu miji mai hankali. Da bikinta ya zo ta ɗauko mai hoto daga wani wuri, mai kala, ta aiko ni in gaya wa ubanta ya zo amma ban da kyamara. Ya zo. Na gan shi a gefe, ya sa hannu a aljihu, ya fitar, ya harɗe a ƙirji, ya sake, ya rasa inda zai kai su. Shi kuwa mai hoton haya sai jera mutane yake yana cewa a yi murmushi. Da aka kira uban amarya ya tsaya kusa da ita, tazarar da ke tsakaninsu mutum zai iya wucewa da tire.

Bai daina aiki ba, yana shiga gidajen mutane yana fito musu da ƙaunar da ba su san suna nunawa ba, ya dawo gida ya ci abinci shi kaɗai. Abu ɗaya yake so a duniya, 'yarsa ta dawo ta zama 'yarsa, kuma yana tsoron ƙasa ta rufe masa ido kafin nan. Wani lokaci ina cikin taka keke sai in ji ya ƙwanƙwasa katakon da ke tsakaninmu.

"Ta kira ki?"

"Ta kira."

"Ta tambaye ni?"

In ce ta tambaya. Wani lokaci gaskiya ne, sau da yawa ba gaskiya ba ne. Yana ba ni haushi, yana ba ni tausayi, kuma ban taɓa iya raba biyun ba.

Ran nan da rana 'Yar Baba ta shigo shagona da riga wai a rage mata hannu. Rigar ba abin da ya same ta, ni na ɗinka ta. Ta zauna ta jira masu awo suka watse, sannan ta ce, "Gwaggo, na fara manta fuskar Mama."

Na dakatar da keke.

"Muryarta tana nan. Amma in na rufe ido fuskar ba ta zuwa. Hoton da nake da shi ɗaya ne, na katin aikinta, ta yi tsuru-tsuru kamar an kama ta da laifi. Ba Mama ba ce wannan. Ki karɓo mini ɗaya a wurinsa, don Allah."

Ta manta da irin bangon da ke tsakaninmu, ni ban manta ba. Tun da ta fara magana na ji motsi ya ɗauke a ɗaya shagon. Zan iya tashi in karɓo mata hoto ashirin cikin minti biyu, amma na ga in na yi haka, shi ke nan an rufe ƙofar da ta ɗan buɗu. Na ce, "Ni ba zan zaɓar miki fuskar uwarki ba. Hotunanta sun fi dubu. Ki shiga ki zaɓa da kanki."

Ta naɗe rigarta har na ɗauka tashi za ta yi. Can ta ce, "Ranar Laraba ina tashi aiki da wuri. Amma sai dai mu shiga tare."

Tana fita na zagaya wurinsa. Na same shi tsaye a tsakiyar shago, ya riƙe tsumma. Na ce, "Ka ji dai. To wallahi in ta shigo ka buɗe baki da uwarki ce ta ce, da hannuna zan fasa maka kyamarar nan a ka."

"To me zan ce?"

"Shekararka sittin da bakwai, ni zan koya maka ba da haƙuri? Bayani ka yi ta yi mata, Yaya. Ita ba bayani ta miƙo wa hannu ba."

Daga ranar zuwa Laraba sau uku yana share shagon.

Ɗakin da yake wanke hoto tsohon banɗaki ne a bayan shago. Ya toshe tagar da kwali, ya sa jar fitila ƙwaya ɗaya, don farin haske yana ɓata takardar hoto kafin a gama ta. Akwai tebur da faranti uku na ruwan magani a jere, da wata na'ura mai dogon wuya da ke haska fim a kan takarda, da igiyar shanya daga bango zuwa bango. Wurin mutum ɗaya ne, mu uku muka cusa kanmu. Ni aka ba ni bokiti na kifa na zauna a bakin ƙofa, warin maganin yana hawa mini kai.

Kafin mu shiga ta riga ta zaɓa. Ya baje mata takardu masu ɗauke da ƙananan hotuna a jere, ya ba ta gilashin ƙara girma, ta sunkuya tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce na ciwo duka. Ta tsaya a kan wani tsoho: Malama tana duba littattafan 'yan makaranta, biro a baki, ta ɗago tana hararar mai ɗaukarta, dariya na neman ƙwace mata.

Ya sa fim ɗin a na'ura, ya shimfiɗa farar takarda, ya kunna yana ƙirga daƙiƙu a fili. Ya kashe, ya ɗauki takardar, ba komai a kanta, ya zura ta cikin farantin farko yana girgiza shi a hankali. Muka zuba ido. Da fari fara ce fat. Sai gira ta fara fitowa, sai idanu, sai biron nan, sai ga Malama gaba ɗayanta tana hararar mu daga cikin ruwa.

'Yar Baba ta ce, "Mama." A hankali ta faɗa, ta dafa bakin tebur.

Ya ɗaga takardar da hantsaki ya sa a faranti na biyu, ya sa a na uku, wanda ke kama hoton ya zauna, sannan ya tsoma ta a ruwa. Na ce a raina ko a nan aka tsaya an samu wani abu.

Sai ta ce, "Ɗayan fa?"

Bai tambaye ta wanne ba. Ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da wata ambulan da ke ajiye ita kaɗai. Ya zaro ɗan guntun fim, ya ɗauko almakashi ya haɗa ya miƙa mata. Ya ce, "Na wanke fim ɗin don kar ya lalace, amma ban taɓa buga shi a takarda ba. Ni ma ban taɓa ganinsa da girma ba. Naki ne. In kin so ki yanka."

Ta ɗaga shi wajen jar fitilar. A fim komai a juye yake, fari ya zama baƙi, ga shi ɗan mitsitsi, ba abin da za ta gane. Ta ajiye almakashin ta ce, "Buga shi."

Sai da ya yi sau biyu kafin fim ɗin ya zauna a na'ura. Ya ƙirga daƙiƙu. Ya zura takardar a faranti. Bencin ne ya fara fitowa, sai bangon baranda, sai yarinya siririya cikin rigar da na ɗinka mata da hannuna, baki a ɗan buɗe, hannuwa sun taso rabi.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe ƙarama ce haka." Ta ƙara sunkuyawa. "Dubi yarinyar nan, Gwaggo. Shi take kallo."

Na ga bakin Yaya ya motsa, na kama bakin bokitin da nake kai, na ce yau in ya kuskura.

Ya ce, "Tsoro na ji. Na ga kin nufo ni, na san in na riƙe ki, to ta tabbata ke nan uwarki ta tafi. Sai na ɓuya. Ba uwarki ce ta sa ni ba, ba hannuna ba ne, ni ne. Kin zo wurin ubanki bai riƙe ki ba. Na yi miki laifi, 'yata. Ki yafe mini."

Ya tsaya, hantsaki a hannu, ruwa na ɗiga. Sai ya sake shi ya faɗi ƙasa, ya matsa, ya rungume ta da jiƙaƙƙun hannuwansa, a karkace, irin rungumar wanda ya manta yadda ake yi. Da fari ta sandare. Ta dunƙule hannu ta buga masa a ƙirji sau biyu, bugu na gaske, na ji ƙararsa. Sannan ta kifa kai a wurin ta saki kuka, kukan da ko a gidana ban taɓa jin ta yi irinsa ba. Shi ma yana yi, ƙaton mutum, kafaɗu na girgiza.

Ni kuwa hawaye da majina sun haɗe mini, na miƙe ina laluben hankici, na dafa bango don kar in faɗi. Ashe a kan makunnin wuta na dafa. Farin haske ya cika ɗakin. Hoton yana farantin farko, ba a kai shi na uku ba, muna kallo ya yi duhu, ya yi duhu, har ya koma baƙi ƙirin.

Na ce, "Wayyo, Yaya, hoton!"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Bar shi."

'Yar Baba ta ɗago, fuska jage-jage, ta dubi farantin, ta dube ni, sai dariya ta kama ta cikin kukan. Ta ce, "Gwaggo, ke dai ba kya shiga wuri ki fito lafiya."

Yaya ya share ido da gefen hannu ya ce fim ɗin yana nan, in tana so sai a sake bugawa. Ta ce, "A'a. Na gani, ya isa." Ta zare guntun fim ɗin daga na'ura ta mayar cikin ambulan, ta sa a jakarta, ba ta yanka ba. Da ta juya na ga shatin hannuwansa biyu a bayan rigarta. Maganin hoto ba ya fita a tufa, na sani, amma na ja bakina na yi shiru.

Ta miƙa hannu za ta ɗauki hoton uwarta, ya ce bai yi ba tukuna, sai ya sha ruwa sosai an shanya shi ya bushe. Ta tsaya a bakin ƙofar shago tana gyara mayafi, ta ce, "To ka kawo mini ranar Asabar. Ka zo da wuri, a ci abincin rana da kai."

Tun da ta yi aure sau biyu ya taɓa shiga gidanta, duka biyun bai wuce falo ba. Ya dubi kyamarar da ke rataye a ƙusa, ya ce, "In zo da…"

"Kai dai ka zo tukuna, Baba."

Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana. Ya juyo ya ce mini, "Ta ce in zo da wuri."

"Na ji, ai ina wurin."

"Da wurin nan, ƙarfe nawa ke nan?"

Na ce masa sha biyu ya yi, kar ya je ya takura wa mutane ranar hutunsu. Ya ce to.

Mijinta ne ya ba ni sauran labarin. Ya ce ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe ya buɗe ƙofa zai fita sayen burodi, sai ya ga surukinsa tsaye cikin sababbin kaya, ya rungume ambulan a ƙirji, wai bai so ya ƙwanƙwasa ya tashe su ba. Suna cikin gaisawa 'Yar Baba ta leƙo ta taga, ko fuska ba ta wanke ba. Ta ce, "Baba, tun yaushe kake nan?" Ya ce bai daɗe ba. Ta fito ba takalmi, ta kama hannunsa ta ja shi ciki.